Hoton Ɗakin Gwaggo Tasalla

Naja'atu: Salamu alaikum. Yaya Yusha'u, ina wuni?

Gwaggo: Wa alaikumus salam. Ba Yusha'u ba ne, wayarsa na karɓa. Gwaggonki ce.

Naja'atu: Gwaggo Tasalla, ina wuni? An wuni lafiya?

Gwaggo: Lafiya lau.

Naja'atu: Ya gida? Ya mutanen Tsaskiya?

Gwaggo: Duk lafiya.

Naja'atu: Ya ƙafar taki? Kina shafa man da na aiko?

Gwaggo: Da sauƙi. Ya Batsari? Ya mai gidan naki?

Naja'atu: Lafiyarsa ƙalau, yana gaishe ki. Ya ruwa a wajenku?

Gwaggo: Ruwa ya yi gyara. Ya shagon?

Naja'atu: Alhamdulillahi. Kwana biyun nan ma waya ba ta hutawa, kowa na son a gyara masa ɗaki.

Gwaggo: Na sani.

Naja'atu: Na'am? Muryarki na yankewa. Ki matsa gindin rumbu, can sabis ya fi.

Gwaggo: Ina gindin rumbun. Na ce na sani. Naja'atu, yaushe na sayi kujerun zinariya?

Naja'atu: Kujerun me?

Gwaggo: Kin ji ni. Ɗazu na kai niƙa, Lami maƙwabciyata ta tare ni a gaban mata. Wai ashe haka ake arziki a ɓoye, ko tayin zama babu. Ta miƙo mini waya. Na ga ɗaki da kujeru masu ruwan zinariya, fitila na reto daga sama kamar nonon inabi, talabijin ya cinye bango guda. Na ce wannan na wace hajiya ce? Ta ce in duba taga. Na duba, sai ga tsamiyarmu da aradu ta tsaga. Ga akwatina kore a lungu. Ga sunana a ƙasa, ta karanta mini, har da sunan gari da na shagonki.

Naja'atu: Gwaggo, ki tsaya in yi miki bayani.

Gwaggo: Don shi na kira.

Naja'atu: Kin tuna zuwana da salla, na ɗauki hoton ɗakinki?

Gwaggo: Na tuna na ce miki ban so.

Naja'atu: Gwaji kawai na yi. Akwai manhaja a waya, cikin waɗannan na AI, in ka ba ta hoton ɗaki sai ta zana maka yadda zai koma in an gyara shi. Da ita nake nuna wa masu ba ni aiki kafin su sayi ko gwangwanin fenti. Ba na gaske ba ne, zane ne.

Gwaggo: Tsamiyar zane ce?

Naja'atu: A'a, ita ta bar ta yadda take.

Gwaggo: To wa ya ba Lami?

Naja'atu: Ba ni ba ce, wallahi. Abin da ya faru, manhajojin nan sun yi mini yawa. Akwai mai zana ɗaki, akwai mai auna bango da taga, akwai wadda ke rubuta mini talla, ga wata ta zaɓen launi, ga wata ma na manta ina da ita. Kowacce duk wata sai ta ciri nata a asusuna, kuma kullum ƙaruwa yake. Sai na zauna na tace su. Ta talla na sallame ta, bakina ya ishe ni. Ta launi ma haka, idona ya fi ta sanin abin da matan nan ke so. Ta awo na riƙe, don tun da na same ta ban sake yanka labule ya gaza ba. Ta zanen kuwa sai na ga suna da ta kyauta, na koma can.

Gwaggo: Kyauta.

Naja'atu: Eh. Ashe in kana biya, zanenka naka ne, a rufe yake. In ka koma ta kyauta sai su baje shi a dandalinsu kowa ya gani, da sunan da ka sa masa. Ni kuma na rubuta sunanki ne don kar ya ɓace mini cikin sauran.

Gwaggo: Ba su faɗa miki ba?

Naja'atu: Sun rubuta, da Turanci, ƙanana. Ban tsaya karantawa ba.

Gwaggo: Ke da aka kai makaranta.

Naja'atu: Wata mai ba ni aiki a Katsina ce ta gani, ta tura guruf ɗin mata, daga nan ya bazu.

Gwaggo: Yaushe kika sani?

Naja'atu: Gwaggo...

Gwaggo: Yaushe?

Naja'atu: Shekaranjiya.

Gwaggo: Kika yi shiru.

Naja'atu: Na ɗauka a Katsina da Batsari zai tsaya. Mutane ne suka yi ta kira suna cewa irin na Gwaggo suke so. Ban taɓa samun kira haka ba tun da na buɗe shagon.

Gwaggo: Kin ce musu zane ne?

Naja'atu: Wanda ya tambaya na faɗa masa.

Gwaggo: Wanda bai tambaya ba fa?

Naja'atu: Hello? Gwaggo, kina ji na?

Gwaggo: Ina jin ki sarai, kada ki laɓe bayan sabis. Saurara. Jiya da hantsi wani ya tsaya da babur wajen mai shayin bakin hanya. Ba ɗan garin nan ba ne. Ya sha shayi, ya tambaya wanne ne gidan Tasalla mai tsagaggiyar tsamiya. Ya tambayi ɗanta, ko shi ne ke sayar da shanu.

Naja'atu: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Gwaggo: Mai shayin ya ce bai sani ba. Da safen nan ya zo ya faɗa wa Yusha'u a gona. Ban gane dalili ba sai da na je niƙa.

Naja'atu: Wataƙila mai neman aiki ne, ko wani ɗan...

Gwaggo: Mai neman aiki shanu yake tambaya? A nan kika girma, a ɗakin nan na yaye ki bayan rasuwar uwarki. Kin san yadda ake yi. Mutanen dajin nan ba sa zuwa sai an kai musu labari. A Ruma wani mutum kwano sabo kawai ya sa a rufin gidansa, kin san inda ya kwana. Mu kuma an ce muna da fitilar da ke reto.

Naja'atu: Ina Yaya Yusha'u yanzu?

Gwaggo: Ga shi can zaune a zaure, ya ƙi cin abinci. Na ce ya kwashi matarsa da yara su tafi Safana wajen surukansa. Ya ce gero ya kusa yanka, ba inda za shi. Ya ce in sun zo ba su same shi ba, ni za su ɗauka.

Naja'atu: Ku taho nan duka. Yanzu zan nemo mota.

Gwaggo: Mu taho, mu bar hoton yana yawo? Ranar da muka koma fa? In sun ɗauke shi, Naja'atu, abin da suka gani a hoton nan za su nema. Ko mun sayar da gonar da shanun noman biyu ba za mu kai kuɗin fitilar ba. Kuma ba za su yarda babu ba.

Naja'atu: Zan cire shi yanzu. Sai dai ba sa bari a rufe sai an koma biya.

Gwaggo: To ki biya.

Naja'atu: Zan biya. Sai in saki ta awon, don ba zan iya riƙe biyu ba a watan nan. In koma tef da hannu.

Gwaggo: Kafin a haifi wayar da me ake auna labule?

Naja'atu: Ba musu nake ba, Gwaggo. Ta zanen ce mai riƙe da ɗakunan mutane, ita ya kamata tun farko in biya wa, in bar sauran. Akwai ɗakunan wasu ma a ciki. Na amaryar gidan Alhaji Ikrima yana nan, da na wata malamar asibiti.

Gwaggo: Su ma a baje?

Naja'atu: Su ma.

Gwaggo: To kin ga aikin da ke gabanki. In kin rufe, na wayar Lami zai ɓace?

Naja'atu: A'a.

Gwaggo: Na wayar mai babur fa?

Naja'atu: Wanda ya riga ya sauke, ya sauke. Ba abin da zan iya yi masa.

Gwaggo: Haka Yusha'u ya ce. Na so in ji daga bakinki.

Naja'atu: Zan rubuta a guruf cewa zane ne, ba gaskiya ba.

Gwaggo: Kowa ya ji tsoro haka zai ce. Wa zai yarda da rubutu bayan ya ga hoto? Ni na riga na yanke abin da za a yi. Na cire labulen ƙofata.

Naja'atu: Kin cire me? Ban ji ba.

Gwaggo: Labule. Na cire shi, na naɗe. Na aika a kira matan unguwa, da na bayan masallaci, da matar mai shayi. Na ce wa Yusha'u in an fito sallar la'asar ya shigo da maza su ma, har wanda ake zargi da kai wa mutanen daji labari. Shi na fi so ya zo.

Naja'atu: Maza a ɗakinki? Gwaggo, ke da ko ni sai na yi sallama sau nawa kafin ki ce in shigo.

Gwaggo: Su zo su gani. Su ga kwanon da nake tara ruwa in rufi na zuba. Su ga bangon da ya tsage na toshe da tsumma. Gadon ma na janye zanin da ke rufe ƙafarsa, su ga tubalin da ke tallafe da shi. Akwatin nan kore zan buɗe shi, ba komai ciki sai likkafanina da tsofaffin zannuwa.

Naja'atu: Don Allah kar ki yi haka. Tun rasuwar Baffa mijinki ba wanda ya san halin da kike ciki. Ko ni da na ce zan gyara miki rufin, cewa kika yi in bari.

Gwaggo: Na ce ki bari don ban son a ce Tasalla ta kasa. Na rufa wa kaina asiri shekara da shekaru, ko gishiri ban taɓa roƙa a maƙwabta ba. Yau zan buɗe da hannuna. Ɗa guda gare ni.

Naja'atu: Ki yafe mini, Gwaggo.

Gwaggo: Wannan sai an kwana biyu. Yanzu aiki zan ba ki. Lami za ta ɗauki hoton ɗakin yadda yake, ta tsaya inda kika tsaya, tsamiyar ta fito, akwatin ya fito. Za ta turo miki. Kada ki ba wa na'urarki ta taɓa shi. Ko haske kada ki ƙara masa.

Naja'atu: To.

Gwaggo: Ki tura shi duk inda wancan ya shiga. Katsina, Batsari, duk guruf ɗin da kika ce. Ki sa sunana da sunan gari. Ki sa sunan shagonki a ƙasa, yadda ya fito a wancan.

Naja'atu: Sunan shagon? Gwaggo, masu kiran nan duk za su ce ƙarya na yi musu. Akwai wadda muka yi da ita gobe za ta zo ta...

Gwaggo: Za su ce. Ni ma yau za a ce abubuwa a kaina.

Naja'atu: Ba za a iya turawa ba tare da...

Gwaggo: In babu sunanki za a ce wani ɗakin ne. Ke kika fitar da na farko, ke za ki fitar da na biyu. Za ki sa ko ba za ki sa ba? Wayar na ƙara, kuɗin yaron nan sun kusa ƙarewa.

Naja'atu: Zan sa.

Gwaggo: Ban ji ba.

Naja'atu: Na ce zan sa, Gwaggo. Ki ce Lami ta turo. In kira ki in ya...

Gwaggo: Kada ki kira, ina da baƙi. Ga su nan sun fara shigowa. Lami, ku wuce ciki. A'a, ku bar takalmanku a ƙafa, ƙasa ce.