Rabo da Ya Amsa Sunana

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Hakimi, Malam Liman, Dagacin Tamawa, Hajiya Hawwa'u matar marigayi da 'ya'yansa, jama'ar Kurfi da Dutsin-Ma, ina yi mana ta'aziyyar Malam Rabo, ma'aikacin jinya.

Tun daminar 2014 nake riƙe da Rabo a raina, kuma waɗanda suka zaɓe ni in yi magana sun sani.

A shekarar ne gigin tsufa ya kama mahaifiyata. Na kai ta wani asibiti, ma'aikaciya ta ce, "Baba, tsufa ne, ku koma gida." Maƙwabta suka ce iska ce. Da nake karatu a Ingila na ga yadda suke ware wa irinta gida da masu kula, 'ya'ya su riƙa leƙowa. Mu nan ɗaki muke ba su da kwaɗo. Rabo ne ya zagaya garuruwanmu yana cewa a cire kwaɗon.

Ya kasance ba ya gardama da tsoho. In Inna ta ce shanunta ba su dawo ba, shanun da aka sayar tuntuni, sai ya ce, "Suna rafi, Inna, sha furarki." Ya kasance ba ya ƙyamar shimfiɗar majinyaci. Ya kasance duk sunan da aka kira shi da shi sai ya amsa.

Nan ya ƙware ni. Ni ɗan fari ne, kun kuwa san Bafulatana: har na yi furfura Inna ba ta taɓa kama sunana ba. Da gigi ya ɗauke mata kunya, rannan Rabo ya shigo, ta dube shi ta ce, "Manu, ka ci abinci?" Ya ce, "Na ci, Inna." Ta nuno ni a bakin ƙofa ta ce, "To a ba baƙon nan ma."

Na tare shi a zaure. Ya yi dariya ya ce, "Malam Manu, aro na yi." Bai mayar ba.

Hajiya Hawwa'u, ku yi haƙuri. Misbahu, kai ne babba, ka riƙe wannan: albarkar da Inna ta sa kafin ta cika, a kan mahaifinku ta ɗora hannu. Tana gidanku.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙan Rabo, ya haskaka makwancinsa, ya ba mu mai amsa mana in namu gigin ya zo. Amin.

Inna ta kira sunana. Ban taɓa amsa mata ba.