Abin da Na Samu a Ƙarƙashin Motar Clyde

Mai girma shugaban ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta gabashin Detroit, wanda kuma shi ne maigidana a gareji, Mista Leland Pruitt. Mai girma Fasto Whitlow, da ya ara mana zauren cocinsa. Uwarmu Madam Loretta Hargrove, matar marigayi Clyde, tare da 'yarsa Renée. Dattawan ƙungiya da ke layin gaba. Kanikawa da masu fenti da kuka maƙale can baya kusa da teburin abinci. Maza da mata, ina yi muku sallama, barkanku da rana.

Shekara goma sha tara da wata huɗu ke nan rabona da garinmu Ibb, a ƙasar Yaman. Sha huɗu daga ciki na yi su ne kwance a ƙarƙashin motocinku ina walda. Kusan kowa a zauren nan na san ƙasan motarsa fiye da fuskarsa, ku kuma kun fi sanin tafin takalmina fiye da sunana. Sunana Nashwan. Kun yanke shi ya koma Nash, na amsa. Shekara sha huɗu ina jera kujerun taron nan, ba a taɓa miƙo mini abin magana ba sai yau, yau ɗin ma don ana so in ce "za ta yiwu" in koma in zauna. Duk da haka na gode. Na gode wa Leland da ya ɗauke ni aiki lokacin da Turancina bai wuce kalma ashirin ba. Na gode wa matan ƙungiya da kullum suke ware mini farantin da naman alade bai taɓa ba. Ba na manta alheri, shi ya sa maganar yau take mini nauyi. 

Don waɗanda ba su je jana'iza ba: Clyde Hargrove ya rasu a watan Janairu, ya bar mota ƙirar 1970, ja, mai ƙofa biyu da inji mai silinda takwas, irin wadda idan ta yi gurnani gilashin maƙwabta yake amsawa. Tun 1988 take ajiye a rumfar bayan gidansa. A bakin kabarinsa kuka yi alkawarin tayar da ita kafin jerin gwanon motocinmu na watan Agusta, Renée ta tuƙa, mahaifiyarta na gefenta, a fara daga ƙofar gidansa a ƙona masa taya, wato a murza tayoyin motar a kan kwalta har su yi hayaƙi don girmama shi, kamar yadda ake yi wa kowane ɗan ƙungiya da ya riga mu. Yau za ku ɗaga hannu, a gyara ko kada a gyara. An ce in duba ta in kawo bayani. Na duba.

Abu na farko, zan faɗi alherinta, domin tana da shi. Injinta lafiya lau. Duk bazara Clyde yakan kwance fulogi ya ɗiga mai, ya juya injin da hannu, shekara talatin da wani abu bai taɓa tsallake bazara ɗaya ba. Ranar da aka jawo ta gareji, ɗan ƙungiyarmu Roscoe Tillman ya zagaya ta sau biyu ya ce mini, "Nash, wannan ai ta fi ka lafiya. A wanke ta, a wanke ka, a ga wanda za a fara taya." Na yi dariya, domin daga sama gaskiyarsa ce. Kujerunta ba su yage ba, gilashinta bai tsage ba, ko ƙanshin tabar Clyde bai gama fita ba. Duk wanda ya tsaya a tsaye ya kalle ta zai ce a gyara. Ni aikina ba a tsaye ake yin sa ba.

Abu na biyu, abin da ke ƙasa. Kun fi ni sanin gishirin da ake zubawa a titunan garin nan duk lokacin ƙanƙara. Motar nan ta sha shi shekara goma sha takwas. Sannan aka ajiye ta a kan ƙasa tsura, ba siminti, aka lulluɓe ta da tamfol har ƙasa, don kada ƙura ta taɓa fenti. Haka kuke yi, na gani a gidaje da yawa: ku kare fenti, ku kulle danshi a ciki. Ƙasa tana gumi, tamfol yana riƙewa, gishiri yana ci, mai mota kuwa yana ɗaga gefen tamfol sau ɗaya a shekara ya ga ja yana ƙyalli ya koma ɗaki da murna.

Na ɗaga ta sama. Na ɗauki maganaɗisun da nake yawo da shi a aljihu, na bi dogayen ƙarafan nan biyu da suke ɗauke da bayan mota, waɗanda sifirin da tayoyin baya suke rataye a jikinsu, su ne ƙashin bayanta. A gaba ya kama. Da na zo saitin tayar baya ta hagu, sai ya faɗo mini a ƙirji. Na mayar, ya sake faɗowa. Na sa sukudireba na danna, ba da ƙarfi ba, kamar yadda za ka gwada nunar dankali. Ta shige har ƙota. Ɗaya gefen ma haka. Taku ɗaya daga wurin, tankin mai ne.

Jama'a, ku tuna yadda ake ƙona taya. Direba ya taka birki da ƙafa ɗaya, ya taka totur da ɗaya, injin ya zuba duk ƙarfinsa a tayoyin baya har hayaƙi ya rufe titi. Duk wannan ƙarfin, inda yake sauka shi ne daidai wurin da sukudirebata ta shige. Ba na cewa wataƙila. Sifirin zai ɓalle, ya huda ƙasan but, wato wurin kaya na baya, ko ya huda tanki, ƙarfe yana goga kwalta yana tartsatsi, mata biyu suna ɗaure da bel a ciki, ku kuma kuna jere a gefen titi kuna tafi, domin cikin hayaƙin nan ba wanda zai gane an shiga uku sai wuta ta tashi. Kwana tara ke nan da zarar na rufe ido abin da nake gani ke nan.

Abu na uku. Renée, wannan naki ne, kuma ki yafe mini da na faɗe shi a gaban jama'a. Ranar da kika zo gareji kika zauna a bayan sitiyari, kin ce mini, "Mista Nash, ina shekara sha shida na samu lasin, a makon nan Baba ya kulle motar nan ya ɓoye makulli. Da namiji ya haifa, da ya ba shi. Yanzu gashina ya fara fari, zan tuƙa ta ko yana so ko ba ya so." Kin yi dariya, amma ba dariya ce ta kai zuci ba.

Da na ɓare wurin da maganaɗisu ya ƙi kamawa, ba tsatsa kaɗai na samu ba. Wani ya cusa jarida a ramin, ya ɗora ragar waya irin ta akurkin kaji, ya shafe da foti, ƙullun nan da masu fenti suke cike rami da shi, ya fesa baƙin kwalta a kai. Aiki mai tsabta, wanda ido ba zai kama ba. Ga guntun jaridar a hannuna, kwanan wata bai goge ba: Oktoba 1988. Na kai wa Madam Loretta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Shekarar da aka sallame shi daga masana'anta ke nan. Ya ce zai sayar. Wani mutum ya zo da ɗansa, yaron sai shafa bonet yake yi, har sun yi ciniki. Clyde ya shiga ɗaki ɗauko takardu, ya fito hannu wofi ya ce ya fasa. Na zage shi tas, ɗan nan, ga shi ko kuɗin wuta ba mu biya ba. Har ya rasu bai faɗa mini dalili ba."

Clyde ne ya yi cikon nan don ya sayar da ita, talauci ya sa shi. Clyde ne kuma ya kasa miƙa makulli ga ɗan wani, balle 'yarsa. Kunya ta hana shi faɗa muku, ku abokansa da kuke yabon motar duk shekara. Ya yi laifi, ya kuma tsaya kafin laifin ya ci mutum. Renée, ba don ke mace ce ba.

Abu na huɗu, tsakanina da maigidana. Na nuna wa Leland ramin. Ya ce, "Nash, kai matsalarka ke nan, komai sai ka kawo mutuwa ciki. Rana ɗaya ce. Ɗora mata faci ka fesa baƙi, bayan Agusta sai mu yi aikin gaske. Ni na yi alkawarin nan da bakina a gaban gawa." Na ce, "Maigida, faci a jikin me? Ba sauran ƙarfen da walda za ta kama. Sai an sake bayan motar gaba ɗaya, aikin shekara biyu, kuma abin da zai fito ba motar Clyde ba ce, sabuwa ce mai ɗauke da fentinta." Ya ce, "To in ba za ka iya ba, masu walda ba su ƙare a garin nan ba." Ban ga laifinsa ba. Tare suka tashi da Clyde, kuma bai taɓa ganin abin da na gani ba.

Ga abin da na gani. Ina shekara ashirin da shida, a Ibb, wani direba ya kawo mini a-kori-kurarsa ana jibi Sallah, ƙashinta ya tsage. Ya ce tafiya ɗaya ce, in ɗan liƙa mata, bayan Sallah a yi aikin gaske. Kalmomin ma ba su canza ba. Na liƙa, na shafe da kwalta, ya yi mini godiya. Ta rabe biyu a gangaren dutse da mutum goma sha ɗaya a baya. Huɗu ba su tashi ba, ɗayansu ɗan ƙanwar mahaifiyata ne. Ba wanda ya kai ni kotu. Aka ce ƙaddara ce, aka ci gaba da gaishe ni a kasuwa, ita kuwa innata, uwar yaron, ta ci gaba da aiko mini da burodi duk Juma'a. Wannan burodin ne ya kore ni daga gida. Kun sha tambayata me ya sa ba na zuwa hutu. Yau kun ji.

Saura abu ɗaya, shi ne mafi wuyar faɗa. Na san ku. Kuna da kirki, kuna son Clyde, kuma na san idan aka ce a ɗaga hannu, ba wanda zai iya kallon Madam Loretta ya bar nasa a ƙasa. Na kuma san akwai mai waldar da zai karɓi aikin. Saboda haka ranar Alhamis, lokacin da kowa ya fita cin abincin rana, na kunna wutar walda na yanke ƙarafan nan biyu, na fitar da su gaba ɗaya. Suna cikin buhun da ke ƙarƙashin teburin shugaba. Duk mai shakka ya zo ya matsa da hannunsa, ya ga yadda suke marmashewa. Ko me kuka zaɓa yau, motar nan ba za ta hau titi a Agusta ba.

Ba dukiyata ba ce, ban nemi izinin kowa ba, na sani. Madam Loretta, in kin kira 'yan sanda, ba zan yi musu ba, ko da yake baƙo irina ya san abin da takardar 'yan sanda take jawo masa a ƙasar nan. Leland, makullin gareji yana kan bencina, akwatin kayan aikina na riga na ɗaure. In ka ce in zo Litinin, zan zo. In ba ka ce ba, na gode da shekara sha huɗu.

Allah Ya jiƙan Clyde, Ya dube shi da ranar da ya fito hannu wofi. Allah Ya ba Madam Loretta haƙuri, Ya sanyaya zuciyar Renée a kan mahaifinta. Allah Ya tsare ku a kan titi, ku da 'ya'yanku, Ya raba ku da faci mai kyan gani. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya, har da waɗanda gidansu ya yi nisa.

Abin da na iya cetowa daga motar, na jera shi a kan katako a gareji, na rufe da zane, ba tamfol ba. Inji ɗaya, da giyabos ɗinsa, zai tashi a cikin kowace mota mai lafiyar ƙashi, Renée ta ƙona taya da shi har ta gaji. Sitiyari ɗaya. Kujeru biyu na gaba. Bonet, da ƙofar dama. Gilasai shida. Ƙafafun mota uku, ta huɗun ta fashe. Safar hannun Clyde guda biyu, da na samu a aljihun gaban motar. Sai mutum biyu, uwa da 'yarta, ga su nan zaune a layin farko.

Na gode.