Masu Neman Tarihi da Gonar Bakin Tsamiya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannunku da aiki.

Ni Issufu ne, manomi daga wani ƙauye a hanyar Tirmini. Kakana ne ya haƙa rijiyar farko a nan. Tun da gudron, wato titin kwalta, ya iso mu, ma'aikatan Damagaram suka cika garin. Nan suke kwana, da safe su hau moto su tafi biro, wurin aikinsu.

Makon jiya mutum biyu suka zo da mota. Babbansu ya ce, "Baba, tarihin garin nan muke rubutawa." Na shimfiɗa musu tabarma, na ba su labari tun daga tushe. Sai ya tambaye ni, "Gonarka ta bakin tsamiya fa, tana da takarda?" Na ce gado ce, ba mu taɓa yi mata takarda ba. Ya dubi ɗan'uwansa, ya rubuta.

Bayan kwana uku na tarar da turakun siminti huɗu a cikin gerona, a waccan gonar. Na je wurin maigari, ya ce bai san mutanen ba, amma ya kasa duban idona.

Jama'a, yaushe masu rubuta tarihi suka fara auna gona? In tumɓuke turakun ne, ko in kai ƙara? Ku ba ni shawara kafin girbi.