Allah Sa Kada Kamfanin Ya Gyara

Barka da aiki, mai gabatarwa. Sunana Rahila, malamar firamare daga Samaru.

Maigidana da yayansa sun samu saɓani kan gonar gado har suka daina magana, amma ba su daina buga gem na harbe-harbe ba. Duk Lahadi bayan sujada a coci Yaya zai zo daga Jushi, a raba fuskar talabijin biyu, kowa da rimot ɗinsa, su yi ta harbin juna ba mai cewa uffan.

Sai aka fito da sabon gem da ake ta zuzutawa. Maigida ya sayo a wani shago a unguwar PZ, ashe kamfanin bai sa tsarin mutum biyu ba. A shagon ma samari sun rabu, wasu na cewa za a ƙara daga baya, wasu na cewa yaudara ce. Ni kuwa na ce shi ke nan, Yaya ya daina zuwa.

Ranar Lahadi sai ga shi. Da ya gani ya ce, "Wannan cuta ce!" Maigida ya ce, "Haba Yaya, za su gyara." Musu ya kaure, ina kicin ina murna, don na manta rabon da in ji muryoyinsu tare. Can maigida ya miƙa masa rimot, ya zauna gefensa yana ihu, "Hagunka, Yaya! Ga shi bayan mota!" Ranar a kwano ɗaya suka ci tuwo.

Maganar gona tana nan, amma hankalina ya kwanta. Ina gaida matan zumunta na cocinmu. Masu sauraro, ku ba ni shawara: laifi ne in ina addu'a kada kamfanin nan ya gyara?