Dara Ta Kama Wuta Da Hannuna A Ciki

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku, manya da yara.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Iliya. A kasuwar Tasawa kuwa in ba ka ce Iliya mai hula ba, ba wanda zai nuna maka ni. Ku dubi hannun nan da na ɗaga. Yatsu huɗu ne, na sani, ba sai yaran da ke gaba sun ƙirga mini ba. A kansa na tsaya gabanku yau.

Sana'ata wankin hula da gyaranta, gadonta na yi wurin babana. Na fi ƙwarewa a hulunan ulu, wato jar dara ta dattawa, da masu faɗin baki na gwanjo waɗanda samarin Fulani ke so. In ka wanke irin wannan hula ka ɗora ta kan gungume ta bushe, sai gashi ya tashi a jikinta buzu-buzu. Maganinsa wuta. Ka kunna risho, ka sa hannunka cikin hular, ka juya ta bisa harshen wutar da sauri, ka bi da buroshi, sai ta fito sumul kamar sabuwa. Ulu ba ya kamawa, babbakewa yake yi ya mutu. Aibinsa ɗaya, ƙauri, irin na kan rago ranar layya.

Rumfar da ke manne da tawa ta Malam Lawali ce, mai sayar da turare, Bagobiri daga wajen Mayahi. Ni kuwa Bakatsine ne, kun san wasan da ke tsakani. Yana ce mini bawansa, ina ce masa nawa. Shi Musulmi, ni Kirista, amma in ya tafi masallaci ni ke tsare masa rumfa, ran Lahadi kuma shi ke karɓar mini hulunan mutane. Sai dai duk sa'ad da na kunna risho, sai ya toshe hanci ya ce ina kore masa masu saye, wata rana wutar nan sai ta ci ubangidanta. Dariya nake yi in ci gaba da aikina.

Ana gab da babbar salla aiki ya yi mini yawa, ga mura ta toshe mini hanci. Na jera hulunan dara a kan tabarma suna jiran wuta, na zaga sayen fura. Da na dawo sai na tarar da Malam Lawali duƙe a kan hulunana. Yana jin motsina ya miƙe, ya cusa wani abu cikin aljihu. Na tambaye shi abin da yake yi, ya ce aikin bawansa yake dubawa.

Na ɗauki ta farko, dara ce ta wani dattijo daga Urafan. Na sa hannu, na kai ta bisa wuta. Ban ma juya ta ba. Fuu! Hula ta tashi gaba ɗaya da hannuna a ciki. Shafin cikinta na leda ne, ya narke ya manne mini a fata. Ina yarfe hannu, ina ihu, hula ta ƙi fita. Malam Lawali ne ya tuɓe rigarsa ya danne wutar da ita.

Ya ce a wuce da ni likita, na ce a kai ni gida tukuna. Washegari gwaggona ta iso daga Maijirgi a amalanken jaki. Gwaggo Ladi ƙanwar babana ce, ita ta yi rainona, amma ba ta bin Almasihu, tana da nata hanyoyin. Ta daɗe tana kallon hannun, sannan ta ce:

"Ruwa ba ya tsami banza, ɗana. Ubanka ya yi aikin ga har ya mutu, ko girarsa ba ta ƙone ba. Wagga wuta ta mutum ta. Wa ya taɓa maka kaya?"

'Yan'uwa, tambayar nan ta shiga zuciyata ta yi shimfiɗa. Na tuna Malam Lawali duƙe. Na tuna aljihun. Na tuna maganar da ya daɗe yana yi, cewa wuta za ta ci ubangidanta. Har rigar da ya tuɓe ya kashe wutar sai na ga wayo ne, don kada a zarge shi. Na ce ashe rumfata yake so ya faɗaɗa tasa. Na ce ashe duk shekarun nan addinina ke damunsa, yana rufewa da wasa.

Gwaggo ta ce ciwon jifa ba ya shiri da allura, ranar da allura ta taɓa ni, ranar za a ɗauki gawata. Ta shafa mini man shanu, ta bi da gashin zomo, ta ɗaure da tsumma. Ni da ke zama a bencin gaba a majami'ar nan, na miƙa mata hannu. Tsoro ne ya kama ni, tsoro mai tsanani.

Matata Hannatu ta yi magana har ta gaji. Ta ce in ma jifa ne, ai wanda muke bi ya fi mai jifa. Na ce mata ba hannunta ba ne. Fasto ya zo, na juya fuska bango na ce barci nake ji.

Malam Lawali kuwa bai daina zuwa ba. Ya kawo fura da nono, na sa aka zubar a bayan gida, na kuma hana kaji su kusanci wurin. Ya kawo balangu, na ce a ba kare mu gani. Kare ya ci ya lashe baki, bai mutu ba, sai na ce to an haɗa shi ne don mutum. In ya yi sallama a ƙofa sai in ce a gaya masa ba na nan, alhali yana jin tarina. Na lura ba ya iya haɗa ido da Hannatu, na ce kun gani, mai laifi ke nan. Har ita Hannatun na fara sa wa ido, don na ji ta amsa gaisuwarsa da sakin fuska.

Ana haka hannu yana ruɓewa. Ya kumbura har gwiwar hannu, ƙaramin yatsa ya yi baƙi, ƙudaje suka san ɗakina. Ni da ke ƙorafin ba na jin ƙamshi, mura ta sake ni, na fara jin warin jikina. Na kwanta ina tunanin me mai hula zai yi da hannu ɗaya, da me zan ciyar da gidana. Na yi kuka, ban ɓoye muku ba.

Wata ranar Laraba da hantsi Hannatu ta shigo da matan zumunta ba tare da ta shawarce ni ba. Suka durƙusa kewaye da tabarmata. Ba wadda ta yi mini wa'azi, ba wadda ta toshe hanci. Suna addu'a, ni ina zargin wace ce a cikinsu za ta kai labarina kasuwa. Can sai na ji Hannatu ta daina roƙo a kan hannu, ta koma roƙo a kan zuciyata. Abin ya karya ni. Na buɗe baki na ce, Ubangiji Yesu, na gaji. In jifa ne, ka fi ƙarfinsa. In ba jifa ba ne, ka nuna mini, don ni na kasa gani.

Ba su gama naɗe tabarminsu ba aka yi sallama. Malam Lawali ne. A karon farko na ce ya shigo.

Ya zauna nesa da ni, ya rame kamar shi ne majinyacin. Ya sa hannu cikin wannan aljihun dai, ya ciro gwangwanin turaren fesawa, ya ajiye a gabana.

"Iliya, ga abin da ka gani. Ni na hesa ma hulunanka, don in kashe ƙauri kahin ya tashi. Wata mata ta ce rumhwata na warin mahauta, ta tahi ba ta sayi komi ba. Wallahi ban san yana kama wuta ba. Tun ran nan nike son in hwaɗi, kunya da tsoro sunka hana ni."

Kuna tsammani na rungume shi? Ina! Na ce wa zai tabbatar mini wannan gwangwanin ne, ba wani ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Hannatu ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta ɗauko wata tsohuwar dara ta babana da asu ya ci, ta raba ta biyu da almakashi a tsakar gida. Ta kyasta almeti, wato ashana, ta kai wa rabi ɗaya, ya babbake ya mutu, kamar yadda na sani tun ina yaro. Ta fesa turaren a kan ɗaya rabin har ya jiƙe, ta jefa masa almeti daga nesa. Fuu! Irin ƙarar nan dai, irin wutar nan dai. Gwaggo Ladi da ke bakin murhu ta ja da baya.

Na dubi wutar, na dubi hannuna. Ba aljani, ba laya, ba wanda ya binne mini komai. Turare ne da wuta, sai kuma tsoron da ya kwantar da ni ina ruɓewa. Haleluya! Ubangiji ya amsa tun matan ba su kai ƙofar gida ba.

A bayan babur ɗin Malam Lawali na tafi likita, Hannatu ta bi mu a kabu-kabu. Gwaggo tana kuka tana cewa allura za ta kashe ni. An yi mini allura har na daina ƙirgawa, ga ni tsaye. Likitan da ya kwance tsumman ya yi mini faɗa kamar ɗansa. Ya ce da na zuba wa ƙunar ruwa mai sanyi na zo a ranar, da ko yatsa ban rasa ba, da kuma na ƙara jinkiri kaɗan, da daga wuyan hannu za su yanke. Ƙaramin yatsa ya tafi, biyu sun ɗan sandare, amma hannu ya tsaya.

Na koma aiki. Yanzu ba hular da ke zuwa kusa da risho sai na shinshina ta ciki da waje, na kuma duba shafinta. Ranar da nake mura ba na kunna wuta. Na sassaƙa sanda mai kai da nake ɗora hula, hannuna ba ya ƙara shiga ciki, ga bokitin ruwa kusa da ƙafata. Ku da ke kai hula wanki, ku gaya wa mai gyara in kun fesa mata turare, ko kun goge mata maiƙo da isansi, wato fetur. Ba abin kunya ba ne.

Mutanenmu sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Nawa rabinsa ma gaskiya ne, ai shi ya fesa. Amma wuta fata ta ci, zato ne ya ci yatsa. In akwai wanda ke zaune nan da ciwo a ɗaure cikin tsumma saboda tsoron wani, ɗan'uwana, ka kwance shi gaban Yesu, ka tashi ka tafi likita. Wanda ya riƙe ni zai riƙe ka.

Na gode wa Ubangiji saboda hannun nan. Na gode wa matan zumunta, na gode wa Hannatu da ta jure ni. Har yanzu ba na iya matsa birkin babur, saboda haka kawo ni aka yi yau. Wanda ya kawo ni yana nan waje ƙarƙashin itacen bedi. Ya ce shi ba ya shiga, amma zai jira bawansa ya gama surutu. In an tashi ku gaishe shi, kada dai kowa ya karɓi turare a hannunsa in zai je kusa da murhu.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.