Akuya da Alƙali

A ɗakin jiran jirgin ƙasa na Multan, Rukhsana tana rubutu a wayarta, sai wani dattijo ya leƙo ya karanta da ƙarfi.

"'Abin da akuyar nan ta yi wa alƙali zai ba ka mamaki.' Tir! Shekara talatin ina aikin jarida, ban taɓa ganin shirme haka ba. Wane marar kunya ya rubuta?"

"Ni ce, Baba. Editanmu ya ce in mutane ba su danna ba, rufe mu za a yi."

"Gara a rufe! Mai hankali ba ya karanta wannan."

"To, bari in goge."

Dattijo ya yi gyaran murya.

"Dakata tukuna, 'yata. Wai me ta yi wa alƙalin?"