Aradu Da Ƙwaryar Nono

Iyayena mata, 'yan'uwana cikin Ubangiji, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda iska da ruwa ke jin maganarsa. Sannunku da zafi. Na ga wasu suna ta fifita da gefen mayafi, ku yi haƙuri, ba zan daɗe ba. Ni ma idona yana gabas, don hadari ya fara haɗowa, kuma da yawanku daga nesa kuka fito.

Sunana Talatu. Ku da kuka zo daga Rimaye da cikin Kankia ba duka kuka san ni ba. Ƙauyenmu yana can bayan Mawashi, a ƙasar Kusada. Gidajen masu bi ba su da yawa a wurinmu, majami'armu ɗaki guda ce da kwanon da muka danne da duwatsu don kada iska ta yi gaba da shi. Uwar zumunta, shugabarmu ta mata, ta daɗe tana cewa in tashi in ba da shaida, ina ce mata ba ni da ita. Ina da ita. Ɗaci gare ta, shi ya sa nake ta noƙewa.

Kun san yadda farkon damina yake a wajenmu. Bazara ta gasa mutum har ya rasa inda zai sa kansa, sai wata rana da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso da jar ƙasa, kaji su shige ƙarƙashin rumbu, mata su bi shanya da gudu. Ƙasarmu fili ce fetal, ba dutse ba tudu. Itace guda a tsakiyar gona shi ne abu mafi tsawo, kuma nan kowa ke rugawa ya fake.

Maigidana, Baban Rahila, mutum ne mai gaggawar shuka. Ba ya jiran ruwa, binne yake yi, ya zuba gero a busasshiyar ƙasa ya rufe. Nakan tsokane shi in ce wata rana shi da kurciya za su raba gonar nan. Sai ya yi dariya ya ce, "In ruwa ya zo ya iske iri na jiransa, ai ya ji kunya ya zauna."

Ranar da abin ya faru na kai masa fura gona. Hadari ya haɗo da sauri, ni da wasu muka shige bukkar maƙwabta, shi kuma ya ruga gindin ɗorawar da ke iyakar gonarmu. Ina hango shi. Har ya ɗago mani ƙwaryar furar yana murmushi, wai ta yi daɗi. Sai duniya ta yi fari fat, ƙara ta toshe mani kunne. Da na buɗe ido yana kwance.

Na fita da gudu. Saura kaɗan in kai gare shi aka cafke ni ta baya.

Surukina ne, mahaifin maigidana. Ba zan kama sunansa ba, Baba nake ce masa. Dattijon ikilisiyarmu ne, shi ke raba mana gurasa ranar jibin Ubangiji. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba saboda kunya, amma ranar ya riƙe ni kamar akuyar da za a kai kasuwa.

"Kak ki taɓa shi, ɗiyata. Sai an zuba mashi nono. Wanda duk ya taɓa shi kahin nan, aradu ta bi shi har ɗaki."

"Baba, ku sake ni, ƙafarshi na motsi."

"Na rasa guda, ba ni rasa biyu."

Kun san al'adar, kada kowa ta yi mani kamar ba ta taɓa ji ba. Wanda aradu ta faɗa wa ba a taɓa shi sai an kawo nonon shanu an zuba masa. Aka tura mutum rugar Fulani. To, farkon damina ne, shanu ba su dawo daga kudu ba, rugar ba kowa sai tsofaffi. Sai da ya wuce wata rugar, ya wuce wata. Mu kuwa muna tsaye. Mutane sun yi da'ira, masu zuwa majami'a da masu zuwa masallaci, ruwa na dukanmu gaba ɗaya, ba wanda ya matsa. Ranar kam addininmu ɗaya.

Na yi ihu har muryata ta dushe. Ƙafar ta daina motsi ina kallo. Da nonon ya iso aka zuba, sannan Baba ya sake ni. Jikin ya riga ya yi sanyi.

Ba a gama zaman makoki ba magana ta fara yawo. Wai aradu ba ta faɗa wa mutum haka kawai, sai mai rantsuwar ƙarya ko mai cin iyakar gona. In na je famfo sai hira ta mutu. Rahila ta dawo daga makaranta wata rana ta tambaye ni, "Inna, wai mi Baba ya sata?" Mutumin da ko ƙwayar gyaɗar wani bai taɓa tsinka ba. Geron da ya binne kuwa ya tsiro, ya yi kyau irin wanda bai taɓa yi ba, kuma na tsani ganinsa.

Daga nan ciwo ya kama ni. Da zarar gabas ta yi duhu sai gabana ya dinga dukan uku-uku, in kulle yara a ɗaki in toshe kunne. Aka kai ni asibiti a Kankia, aka ce jinina ya hau. Wata ma'aikaciyar jinya, baiwar Allah, ta tambaye ni abin da ke damuna, na ba ta labari. Ta ajiye abin awon ta dube ni.

Ta ce, "Wanda aradu ta buga ba abin da ke jikinsa da zai kama wani. Numfashi ne ke tsayawa. In an danna masa ƙirji nan take, aka hura masa iska a baki, sau da yawa yana dawowa."

Na ce ta nuna mani. Ta ɗauko matashin kai ta nuna, ta sa na yi, ta gyara mani hannu. Kada ku ce don in ceci wani na koya. Na koya ne don in san ainihin abin da zan riƙe Baba da shi.

Kuma na riƙe shi. Ban bar gidan ba, ina zan kai yara? Ni ke tuƙa masa tuwo, in kai, in durƙusa, in ajiye, in tashi. Gwiwata na ƙasa, zuciyata na tsaye ƙyam. Ranar jibi in ya iso layinmu da faranti sai in sunkuyar da kai in naɗe hannu cikin mayafi, ya ɗan tsaya, ya wuce. In ana addu'a tare aka zo wurin gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, sai tari ya kama ni. Shekaru ina wannan tarin, har wata ta kawo mani magani.

Da Allah ma na yi fushi, ban ɓoye muku ba. Na ce masa itatuwa sun cika ƙasar Kusada, bai ga ko ɗaya ba sai wanda mijina ke ƙarƙashinsa.

Bara, farkon damina, irin wannan lokacin. Zafi ya yi zafi, sai hadari ya taso da la'asar. Ina famfo, na tattara bokiti zan ruga gida. Baba yana dawowa daga gona da shanun huɗa, yayyafi ya kama shi, ya ja su gindin tsamiyar bakin hanya. Tun mutuwar ɗansa an sare ɗorawar nan, kamar ita kaɗai ce ke da laifi, amma ba wanda ya daina fakewa gindin itace.

Hasken nan ya sake zuwa, da ƙarar nan. Sa guda ya faɗi bai ko shura ba. Baba na kwance gefensa, hularsa can nesa.

Kafin in farga mutane sun yi da'ira. Na ji wani na cewa a hau babur a je wurin Fulani. Komai daidai da wancan karon, har inda kowa ya tsaya.

'Yan'uwa, a gaban Allah nake. Abin da ya fara zuwa zuciyata daɗi ne. Na ce to, bari shi ma ya jira nono. Na tsaya da bokiti a hannu ina kallon ƙirjinsa ba ya motsi, ni kaɗai a wurin na san abin yi, kuma ba na so.

Nan na yi addu'ar da na daɗe ban yi irinta ba. Ba ta da tsawo, ba ta da daɗin ji. Na ce, "Yesu, ba na so. Ka san ba na so. In kana son tsohon nan, ka ɗauki hannuna da kanka."

Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Bokitin kawai na ji ya faɗi, sai ga ni a tsakiyar da'ira.

Malam Sani, maƙwabcinmu, wanda shi ne ya yi mana noma shekarar da na yi takaba, ya ɗaga murya. "Maman Rahila, ki tuna da ɗiyanki."

Na ce, "Da su nike tunawa, Malam."

Na durƙusa cikin taɓo, na ɗora hannu a ƙirjin surukina na fara dannawa. Ba zan yi muku ƙarya ba, wata dannawar ta ceto ce, wata ta fushi ce. Na ji wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin hannuna, ban tsaya ba. Sannan na toshe masa hanci, na sa bakina a bakinsa na hura. Mata suka ɗauki salati, wasu suka rufe fuska. Matar ɗa da uban miji, a bakin hanya, a gaban gari. Na danna, na hura, na danna, har hannuna ya mutu.

Sai ya yi tari.

Malam Sani ne ya fara tsallakowa. Da ya ga aradu ba ta bi ni ba, ya kama kafaɗa, wasu suka kama ƙafa, aka tsayar da motar kasuwa aka yi Kankia da shi. Sun yi nisa sannan mai babur ya iso da ƙwaryar nono, yana waige-waige, ya rasa wanda zai zuba wa.

Mutane suna ta cewa ikon Allah. Ni kuwa na zauna cikin taɓon na yi kukan da ban yi ba ko ranar jana'iza. Ba na murna ba ne. Na gani da idona cewa wanda aradu ta buga yana iya tashi.

Da aka sallamo shi, da ƙashin haƙarƙari a karye, aikin hannuna, ya sa aka kira ni. Na durƙusa daga bakin ƙofa kamar kullum.

"Ɗiyata, tambaya guda gare ni, kuma kak ki tausaya mani. Ranar nan, da na sake ki, da ya tashi?"

Shekaru nake wasa wannan wuƙar. Kalma guda zan faɗa, ya tafi kabari da ita. Na buɗe baki, sai Ubangiji ya nuna mani abin da ban taɓa yarda in duba ba.

Na ce, "Baba, ranar ban iya ba. Sai daga baya na koya. Da kun sake ni, kuka kawai zan yi a kanshi."

Ya sauke numfashi. Amma ban gama ba.

"Abin da kuka hana ni, Baba, shi ne ya tafi da hannun wani a jikinshi. Ya mutu shi kaɗai, muna tsaye muna kallo."

Tsohon nan ya juya fuska bango, kafaɗarsa na rawa. Ya ce, "Ni na haife shi. Ni ma ban taɓa shi ba."

A duk shekarun nan ban taɓa tuna haka ba.

Ranar jibin da ta biyo baya ya iso layinmu yana dafe da gefen ƙirji. Ya ɗan tsaya kamar yadda ya saba, zai wuce. Na fitar da hannu daga mayafi. Ya miƙo farantin, na ɗauki gurasar.

Ban zo in ce muku ciwon ya tafi ba. Mijina bai dawo ba, kuma masu cewa ya ci iyakar gona ba wanda ya zo ya ce in yafe masa, ko da yake tun da aradu ta faɗa wa dattijon ikilisiya bakinsu ya mutu. Har yau in gabas ta yi baƙi gabana na faɗuwa. Amma tarin nan ya daina kama ni wurin addu'a, kuma na san ba ni na warkar da kaina ba. Na gode wa Yesu da ya karɓi addu'ar mai cewa ba ta so. Yabo ya tabbata ga sunansa.

Ku dogara gare shi, iyayena, ko da zuciyarku ta ƙi. Ku faɗa masa ta ƙi, ya san abin da zai yi da ita.

Ga shi iska ta fara kaɗa labule, bari in zauna ku kama hanya. In ruwa ya riske ku, kada ku fake gindin itace, gara ku jiƙe. In kuma aradu ta faɗa wa wani a gabanku, ko waye shi, kada ku aika neman nono. Ku taɓa shi.